Baƙin Babanku na Ranar Laraba

Da sunan Allah nake farawa, shi da ya ara mini kwanakin da zan zauna in rubuta wannan. Aisha, Umaru, da ke Nafisa auta, na san kowannenku ya taɓa jin wata magana a kan mahaifinku, ko a makaranta, ko a gidan biki, ko daga bakin dangin da suke ganin sun fi ni sanin mijina. Ba wanda ya taɓa tambayata a cikinku. Kunya ta hana ku, ni kuma na yi ta cewa sai kun girma. Yanzu kun girma har kun ba ni jikoki, shi kuma ya riga mu gidan gaskiya. Ko yana raye ma ba zai ba ku labarin ba, kun san halinsa, in aka zage shi sai ya gyara zaman tabarau ya tambayi ko akwai sauran shayi. To, ni zan bayar.

A wancan lokacin muna unguwar Luggere a Jimeta, a gidan nan mai mangwaro a tsakar gida, wanda Umaru ya faɗo daga kansa ya karya hannu. Malam, wato mahaifinku, yana koyar da kiwon lafiyar al'umma a makarantar horar da ma'aikatan lafiya, ni ina koyarwa a firamare. Ni 'yar Makama ce, cikin tsohon garin Yola, gidan malamai, inda mace ba ta ɗaga murya ko da wuta ce ta kama zaninta. Shi kuwa ɗan Jimeta ne, ya tashi cikin masunta da 'yan kasuwa, yana jin yaruka barkatai, ba wanda ya iya da kyau. Danginmu ba su taɓa gane abin da na gani a tare da shi ba, ni ma ban tsaya yi musu bayani ba. Ya daɗe yana son yin digiri na uku. Ya ɗauko zazzaɓin cizon sauro ya ajiye, ya ɗauko ruwan sha na ƙauyukan bakin Binuwai ya ajiye, har na fara ce masa da alama jikokinsa ne za su raka shi karɓar takardar.

Wata Asabar bayan azahar aka aiko masa cewa wani tsohon ɗalibinsa yana kwance a asibiti, yana son ganinsa. Saurayi ne mai ladabi, ya sha zuwa gidanmu gaisuwar salla, ya sha ɗaukar Nafisa a kafaɗa. Malam ya tafi, ya dawo gab da magariba, ya zauna a gindin mangwaro ko hularsa bai cire ba.

"Maman Aisha," ya ce, "yau ɗalibina ya yi mini karatu, kuma ba na jin zai ga wata Asabar ɗin."

"Me ke damunsa?"

"Ƙanjamau. Ya ɓoye har ta ci ƙarfinsa. Tun da fari ya taɓa zuwa wani asibiti, wata ma'aikaciya ta ga yadda yake tafiya ta kira 'yan uwanta su zo kallo. Bai sake komawa ba."

Sai ya ci gaba.

"Ya ce da ni, 'Malam, duk abin da ka koya mana a kan cutar nan, namiji da mace ne. A allo namiji da mace, a rediyo namiji da mace. Ni ba na zuwa wurin mata, sai na ɗauka ba ruwanta da ni.'"

Sai da na ɗan jima kafin na gane abin da ake nufi. Da na gane na ce a'uzubillahi, na tashi na shige kicin, na yi ta goge tukunyar da na riga na wanke. Saurayin ya rasu cikin makon. Bayan an yi sadakar bakwai Malam ya same ni ina tankaɗe, ya ce ya samu abin da zai yi bincike a kai.

"Maza masu neman maza, da waɗanda suke neman maza kuma suna da mata a gida. Ina so in san abin da suka sani game da cutar, da abin da yake hana su zuwa gwaji, da hanyar da za a bi kariya ta kai gare su."

"Haba Malam! Duk cututtukan da Allah ya saukar a Adamawa ba ka ga na ɗauka ba sai wannan? Kana fa da 'ya'ya mata."

"Ai shi ya sa. Kin san wanda za su aura?"

Ina so ku fahimce ni da kyau. Abin da aka karantar da ni a gidanmu game da wannan al'amari ban sauka daga kansa ba, kuma Malam bai taɓa neman in sauka ba. Shi ma yana sallarsa, yana azuminsa. Abin da yake cewa kullum shi ne hukunci yana da mai shi, shi kuma aikin da ya sa hannu ya karɓa shi ne kada mutum ya mutu da cutar da ake iya kauce mata.

Ya bi duk ƙa'idar da ake bi. Jami'ar da yake karatun ta sa kwamiti ya duba, aka ba shi izini bisa sharaɗi: ba rubuta suna, ba tilasta wa kowa, kuma abin da mutum ya faɗa a ɗaki ba ya fita da kamanninsa. Aka haɗa shi da wata ma'aikaciyar jinya da za ta riƙa yin gwajin jini ga wanda ya so, Sista Rahila, Kirista ce daga wajen Ganye, doguwa, mai dariya kamar ana buga ganga. Sai dai ba wanda ya zo. Ofishin Malam yana kallon ɗakin malamai ne, duk wanda ya shiga sai idanu sun raka shi. Suka yi wata da watanni suna zaune su biyu suna korar ƙuda. Sista Rahila ce ta ce masa mutanen nan gida suke bukata, inda in an ga mutum ya shiga za a ce gaisuwa ya je. Nata gidan haya ne, ɗaki biyu cikin jama'a. Mu kuwa muna da ɗakin baƙi kusa da zaure, mai ƙofa ta lungu.

"Gidan naki ne kamar yadda yake nawa," in ji Malam. "In kin ce a'a, magana ta mutu, ba zan sake tayar da ita ba."

Na san da gaske yake, shi ya sa abin ya yi mini nauyi. Da ya matsa mini da na samu abin yin faɗa a kai. Na yi kwanaki ina juya maganar, na yi istihara. Abin da ya yi ta dawo mini shi ne fuskar saurayin nan yana durƙushe a tsakar gidana yana cewa barka da salla. Na tambayi kaina, da ya zo mini da ciwonsa, korarsa zan yi? Wata safiya na ɗauki tsintsiya na share ɗakin baƙi, na shimfiɗa sabuwar tabarma, na sa labule mai kauri. Na kafa nawa sharaɗin: ranar Laraba kawai, tsakanin azahar da la'asar, lokacin da zafin Jimeta yake korar kowa daga titi, ku kuma kuna Islamiyya. Mutum ɗaya ɗaya, ba mai shiga cikin gida. Kuma duk wanda ya zo sai ya sha wani abu, don ba a taɓa shiga gidana an fita da busasshen maƙogwaro ba. Malam ya ce wannan na ƙarshen kwamiti bai rubuta shi ba, amma ya amince.

Haka na fara dama kunun gyaɗa kowace Laraba. Na ɗauka wasu halittu daban zan gani. Sai ga tela, ga malamin makaranta, ga mai sayar da kayan gyaran mota, ga mai tabon salla a goshi, ga mai zuwa coci ba fashi. Su a tsakaninsu "masu harka" suke kiran junansu, kuma ɗaya ne yake kawo ɗaya. Sukan karɓi kofi kansu a ƙasa, kamar masu jiran a mare su. Akwai wani da ya zo da kofinsa a leda.

"Hajiya, zuba mini a nan, kada in ɓata miki naki."

"Ajiye wannan," na ce. "Kofin nan ya ga bakin surukaina bai fashe ba, naka ne zai fasa shi?"

Ya yi dariya har ya ƙware, Sista Rahila tana buga masa baya. Daga ranar in ya zo sai ya ɗago kai ya gaishe ni.

Malam ba ya gaya mini wane ya ce kaza, amma yakan ba ni labarin abin da yake ji a dunƙule. Da yawa suna da irin tunanin marigayin ɗalibinsa, cewa cutar a jikin mata kawai take. Wasu sun san kwaroron roba amma ba za su iya saya ba, don mai kemis ɗin unguwa abokin babansu ne. Wasu suna haɗa shi da man da yake yaga shi, ba wanda ya taɓa gaya musu. Masu aure a cikinsu kuwa suna son 'ya'yansu kamar kowa, kuma tsoron da yake hana su barci shi ne su kai wa iyalinsu abin da ba su sani ba. In an gama tambayoyi sai ya yi musu bayani dalla-dalla, wanda ya yarda Sista ta gwada shi, wanda aka samu da cutar ta haɗa shi da inda ake karɓar magani.

A cikinsu akwai wanda zan kira Sale, ba shi ne sunansa ba. Magidanci ne mai shago a kasuwa, mai tsafta, mai ƙarancin magana. Wata Laraba na gan shi ya fito daga wurin Sista, ya zauna a dakalin zaure yana ta ƙoƙarin sa takalmin dama a ƙafar hagu. Ba wanda ya gaya mini komai, amma ni ba yarinya ba ce. Bayan 'yan makonni, wata ranar Litinin da la'asar, wata mata ta yi sallama. Ƙaramar mace ce, da ciki ya fara fitowa. Zan kira ta Mairo. Ta ce daga unguwar Gwadabawa take, ita ce matar Sale. Mai Keke Napep ɗin da yake ɗaukar mijinta ne ya nuna mata gidan, ta kuma ji cewa gidan malamin lafiya ne.

"Adda," ta ce, kamar mai kiran yayarta, "ban zo da faɗa ba. Mijina ya rame, ya bar cin abinci, ya ƙaurace wa ɗakina. In na yi magana sai ya kalli cikin nan ya fita. Don Allah ki gaya mini, mutuwa zai yi?"

Na ce mata ban san abin da ke tsakaninsa da Malam ba, kuma gaskiya na faɗa, amma gaskiyar ta yi mini ɗaci a baki. Na ba ta ruwa, na tambaye ta ko ta fara zuwa awo. Ta ce sai cikin ya ƙara girma. Na raka ta bakin titi, na dawo na tare Malam. A duk zamanmu da mahaifinku ba mu taɓa yin faɗa irin na ranar ba.

"Ka gaya mata," na ce.

"Ban ce akwai abin gaya mata ba."

"Malam, ni za ka yi wa wannan? Akwai rai a cikin yarinyar nan!"

"Na sani. Amma na yi wa kowannensu alkawari. Ranar da na buɗe baki a kan mutum ɗaya, ba mai sake zuwa, kuma akwai wasu matan a wasu gidajen da ba su san hanyar gidanki ba. Ni da Sista muna iya ƙoƙarinmu da duk wanda ya kamata ya yi magana a gidansa. Ba za mu iya yi masa maganar ba."

"To ni ban yi wa kowa alkawari ba."

"Ke ma ba ki san komai ba, zato kike yi. In kika kai mata zato, kika yi kuskure fa?"

Na ce masa ilimin da zai sa a zuba wa jariri ido ya kamu da cuta, Allah ya raba ni da shi. Maganar ta soke shi, na ga haka a fuskarsa, bai rama ba. Washegari yana shirin fita aiki ya tsaya a bakin ƙofar kicin.

"Ba zan iya haɗa ki da kowa ba," ya ce. "Amma matarsa wurinki ta zo, ba wurina ba. Wannan labarinki ne. Kuma ke kike kai kunu."

Ranar Laraba na tare Sale a zaure kafin ya shiga. Na ce ya zauna. Ban tambaye shi komai ba. Na gaya masa Mairo ta zo, na gaya masa abin da ta tambaye ni. Sannan na ce masa ni matar malamin lafiya ce, abin da na sani shi ne in mai ciki tana da wata cuta a jini, akwai maganin da yake kare jariri, amma sai an fara da wuri, kuma kowane mako da ya wuce ba ya dawowa. Ya sa hularsa ya rufe fuska, kafaɗunsa suna motsi.

"Hajiya, in ta sani 'yan uwanta za su sani. In suka tambayi inda na samo fa? Wallahi kashe ni za su yi."

"Ba a ce ka tara 'yan uwanta ba. Matarka aka ce. Abin da ya shafi jininta da na ɗanta hakkinta ne, wannan ba ka da ikon ɓoye shi. In kana jin tsoro ka kawo ta nan, ni zan zauna kusa da ita."

Ya tashi ya tafi, ko wurin Malam bai shiga ba. Na ɗauka na ɓata komai. Wannan makon ban san yadda na koyar da yaran mutane ba. Laraba ta gaba sai ga su tare. A ɗakina muka zauna, na karya sharaɗina da kaina. Ya faɗa mata yana da ƙanjamau, da bakinsa, idonsa a kan tabarma. Mairo ba ta yi ihu ba. Ta kama hannuna ta matse har zobena ya shiga nama, sannan ta ce a kira mai gwajin. Aka same ta da cutar. Sista Rahila ta durƙusa a gabanta, da Hausarta da ba ruwanta da "ya" ko "ta".

"Ƙanwata, ka saurare ni. Wannan ba mutuwa ba ne. Ka sha magani kullum, ɗanka zai fito lafiya da ikon Allah. Gobe ni da kaina zan kai ka."

Ta kuwa kai ta. Mairo ta haifi 'ya mace, aka yi ta gwada ta har aka yaye ta, ba ta da komai. Ranar da aka tabbatar, Sista ta shigo gidanmu tana rawa tana waƙar coci, ni ina hamdala, Malam yana tsaye yana kallonmu kamar an ce ya zaɓi wadda zai bi. Bayan yaye Mairo ta nemi Sale ya sawwaƙe mata, ya kuwa yi ba tare da ja ba, ya ci gaba da ɗaukar nauyin 'yarsa. Na taɓa tambayarta a kaikaice ko ya gaya mata sauran labarin.

"Adda," ta ce, "mace ta san abin da ta sani. Na rufa masa asiri saboda 'yata."

Amma kafin a kai nan, wuta ta riga ta kama mu. Wani maƙwabci ya gane ɗaya daga cikin baƙin, magana ta fita. Shekarar ce kuma aka tsananta doka a kan irin waɗannan mutane, rediyo ba ta da zance sai shi. Da yawa suka ɗauke ƙafa. Jauron unguwa ya kira Malam, ya kai masa takardun izini, ya duba su ɗaya bayan ɗaya.

"Takardunka sun cika, Malam," ya ce, "amma bakin mutane bai iya karatu ba. Ka fitar da aikin nan daga unguwa kafin yara su ɗauki duwatsu."

Aka mayar da sauran aikin wani ɗaki a bayan asibitin da Sista take. Hakan bai kashe maganar ba. A masallaci sai a bar masa fili dama da hagu a sahu. Da na nuna ɓacin rai ya ce a zafin Jimeta wannan ai gata ne. Shugabancin sashe da kowa ya san nasa ne aka ba wani. Matan da muke zumunci da su suka daina aiko mini da goron biki. Sista ma ba ta tsira ba, aka cire ta daga ƙungiyar matan cocinsu. Daga nan aka fara cewa Malam shi ma ɗan hannu ne, wato irinsu ne, ni kuma labule ce kawai. Wannan ita ce maganar da kuka ji, kuma ƙarya ce. Na roƙe shi ya tashi a masallaci ya rantse, ya ƙi.

"In na tsaya ina rantsuwa ina tofar da yawu," ya ce, "mutanen da suka zauna a gabana suka faɗa mini abin da ba su taɓa faɗa wa kowa ba za su ji yadda nake ƙyamarsu. Ke kin san ni. Ya ishe ni."

Wanda ya fi yi mini ciwo shi ne Hamma Bello, yayana, wanda ya riƙe gidanmu na Makama bayan rasuwar mahaifinmu. Ya zo Luggere ya tsaya a zaure, ya ƙi zama, ya ƙi shan ruwa. Ya ce in tattara ku mu koma gida. Shi ya goya ni, ban taɓa yi masa musu ba, amma ranar na durƙusa na ce ya yi haƙuri, ina ɗakina. Ya ce to, ni ba zai hana ni ganin uwata ba, amma mijina kada ya sake taka gidan.

Dada, kakarku, tana da hawan jini, kuma Malam ne yake auna ta kowace Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Sai ya koya mini awon. Yakan tuƙa ni har Makama, ya ajiye mota a gindin dogon yaron da ke ƙofar gida, ya zauna a ciki yana fifita da jarida, ni in shiga. Masu wucewa suna kallonsa, wasu ba sa amsa sallamarsa. Na ce ya riƙa sauke ni ya tafi, ya ce a'a, in lambar ta yi sama yana kusa. Haka muka yi har damina ta wuce. Dada tana ta ƙorafi wai ina ɗaure mata hannu kamar mai ɗaure akuya. Wata Juma'a ta janye hannunta.

"Ina mijinki?"

"Yana waje, Dada."

"Na ji ana ta ƙus-ƙus, ba wanda ya gaya mini. Me ya yi?"

Na gaya mata da Fulatanci, iya yadda 'ya za ta iya faɗa wa uwarta irin wannan magana. Ta saurara idonta a rufe.

"Ya ci amanarki?"

"A'a."

"Ya bar salla?"

"A'a."

"Marasa lafiya yake nema wa magani?"

"Da masu lafiya, don kada su kamu. Da matansu."

"Miƙo mini sandata."

Tun rasuwar mahaifinmu Dada ba ta taɓa fita ƙofar gida da rana ba. Ta yafa mayafi, ta dafa kafaɗata, muka ratsa tsakar gida a hankali. Hamma Bello yana zaure da abokansa, ya miƙe da sauri.

"Dada, ina za ki?"

"Wurin likitana. An ce ba zai shigo ba. Ba a ce ba zan fita ba."

Malam yana ganinmu ya fito daga mota, jaridar ta faɗi. Dada ta zauna a kujerar baya, ƙafafunta a waje, ta miƙa masa hannu a gaban duk mutanen layin. Ya auna ta, sai da ya sake awon. Ranar na fara ganin hawayen mahaifinku.

"Ya hau ko?" in ji Dada.

"Ya ɗan hau, Dada."

"Dole ya hau. Tafiyar da nisa."

Kafin wata Juma'ar Hamma ya aiko cewa Malam ya riƙa shigowa, saboda ƙafafun tsohuwa. Bai taɓa cewa ya yarda da aikin ba, har ya koma ga Allah yana kan ra'ayinsa, kuma ban ga laifinsa ba. Amma sun koma cin dakkere a ƙwarya ɗaya, suna gardama a kan komai ban da wannan.

Malam ya gama bincikensa, ya je ya kare shi, aka ba shi digirin. Shugabancin sashe bai dawo ba har ya yi ritaya. Abin da aikin ya haifar ba mai yawa ba ne a ido: an horar da wasu ma'aikatan jinya yadda za su karɓi mutum ba tare da kallon tafiyarsa ba, an samu inda namiji zai je gwaji ba a tambaye shi abin da bai kawo ba. Shi kuma ya ƙara darasi guda a cikin karatun da yake bayarwa. Ranar da ya fara koyar da shi ya dawo da la'asar, rigarsa sharkaf da gumi. Ya ce wasu ɗaliban sun tashi sun fita, wasu sun yi ta dariya ƙasa-ƙasa. Bayan an watse ɗaya ya tsaya yana ta gyara jakarsa har aji ya zama ba kowa, sannan ya matso ya tambaye shi inda ake gwajin.

"Mutum ɗaya, Malam?" na ce. "Duk wannan wahalar da muka sha?"

"Ɗaya a wannan ajin," ya ce. "Gobe da safe ina da wani. Goge mini farar rigar nan."

Na goge masa. Allah ya jiƙan Malam, ya haskaka kabarinsa, ya jiƙan Dada da Hamma Bello, ya rufa mana asiri duniya da lahira.